Makilin ɗin kyanwa na Virbac: abin da ya yi wa muzuruna da abin da ba zai iya ba

Man goge bakin dabbobi na kamfanin Virbac, wanda aka rubuta C.E.T. a jikin kwalinsa, yana da kyau, kuma in ya ƙare zan sake saya. Amma duk wanda ya saye shi da niyyar ya cire wa kyanwarsa dattin da ya riga ya daskare a haƙora, to ya zubar da kuɗinsa ne kawai. Likita ya faɗa mini haka tun kafin in buɗe kwalin, kuma haka na gani da idona.

Muzuruna Ɗan Baƙi shekararsa 6, a gidan nan aka haife shi. Warin baki ne ya kai mu asibitin dabbobi, ba na wanda ya ci kifi ba, warin ruɓa sosai, wanda in ya yi hamma kusa da kai sai ka kau da fuska. Daga nan ya koma tauna da gefe ɗaya yana karkata kai, wani lokaci loma ta suɓuce masa ta faɗi ƙasa. Bai daina cin abinci ba, kuma likita ya ce haka kyanwa take, tana cin abincinta da ciwo a baki ba ta nunawa. Da ya ɗaga masa leɓe na ga turamensa na sama sun lulluɓe da wani abu mai tauri ruwan ƙasa, ga jan layi ya bi bakin dasashi, ana taɓawa sai jini.

"Hajiya, wannan ya wuce makilin," in ji shi. "Sai mun kankare tukuna, sannan ki ɗora daga nan."

Bayanin da ya yi mini shi ne, bayan kowane cin abinci ƙwayoyin cuta suna taruwa su yi wani yauƙi mai laushi a jikin haƙori. A wannan lokacin buroshi yana ɗauke shi cikin sauƙi. In aka bar shi 'yan kwanaki, sinadaran da ke cikin yawu sai su sa ya yi tauri. Kamar tukunyar tuwo ce, wadda aka wanke a daren ruwa da soso sun isa, wadda ta kwana biyu kuwa sai an kankare ƙanzo. Inda matsalar take shi ne ƙarƙashin dasashi, can ƙwayoyin cutar suke shiga su cinye naman da ƙashin da ke riƙe da haƙori har ya fara girgiɗi. Yawancin kyanwoyi da karnuka da suka haura shekara 3 suna da alamar wannan ciwon, ko da masu su ba su lura ba.

An ɗebi jininsa an gwada, aka ce kada ya ci komai daga dare, washegari aka yi masa allurar barci aka kankare da na'ura, aka cire haƙori ɗaya da ya riga ya lalace. Babbar kyanwa haƙora 30 gare ta, shi yanzu saura 29. Na ji tsoron allurar barcin ƙwarai, ba zan ɓoye ba, amma babu kyanwar da za ta tsaya a sa mata ƙarfe ƙarƙashin dasashi idonta biyu. Sai da bakin ya warke sannan muka fara makilin.

Virbac kamfanin Faransa ne, wani likitan dabbobi ya kafa shi a 1968, kuma maganin dabbobi ne sana'arsu. Man yana zuwa a tub mai giram 70, kala-kala, akwai mai ɗanɗanon kaza, akwai na naman sa, akwai na kifi da sauran naman ruwa. Na kaza na ɗauka. Launinsa ruwan ƙasa ne mai haske, yana ɗan danƙo a yatsa, ba ya kumfa ko kaɗan, kuma an yi shi ne don a haɗiye, tunda dabba ba ta kurkure baki ta tofar. Akwai sinadarai biyu a ciki, gulukos oksidas da laktoferoksidas. Na biyun dama yana cikin yawu da madara, aikinsu tare shi ne su rage wa ƙwayoyin cuta ƙarfin yaɗuwa a baki.

A ganina dai babbar fa'idarsa ɗanɗanon ne. Buroshi shi ke yin aikin, man kuma shi ke sa kyanwa ta yarda a kusanci bakinta. Da farko ɗan kaɗan nake lakatowa a yatsa in miƙa masa, ya shinshina ya lashe. Da ya saba sai na fara shafa masa a fiƙa da yatsan. Bayan nan na naɗe yatsa da ɗan bandeji mai tsabta ina goga a hankali, daga ƙarshe muka kai ga buroshi. Duk wannan ya ɗauki makonni, kuma duk ranar da ya fara kaɗa wutsiya yana kwantar da kunnuwa sai in ƙyale shi. Yanzu in ya ji ƙarar murfin tub ɗin daga tsakar gida yake tahowa.

Ba a buɗe masa baki. Ina zaunar da shi a cinyata bayansa na jingine da cikina, in tallafi haɓarsa da hannun hagu, in ɗaga leɓe da babban yatsa. Bayan haƙoran kawai nake gogewa, ɓangaren kumatu, musamman fiƙoƙi da manyan turamen sama na can ciki, don nan datti ya fi taruwa. Duka-duka bai kai minti ɗaya ba. Kullum nake yi bayan isha'i, saboda in ana tsallake kwanaki yauƙin zai daskare a tsakani, aikin ya tashi a banza.

Buroshin roba da ake sawa a yatsa, wanda na saya daban a wani shago, bai yi mini amfani ba. Ya yi wa bakin kyanwa girma, bai isa turamen baya ba, na kare ne. Ƙaramin buroshi mai laushi irin na jarirai ya fi shi nesa ba kusa ba.

Warin nan bai dawo ba. Jan layin dasashi ya tafi, sai ɗan wuri ɗaya kusa da inda aka cire haƙorin, shi ma likita ya ce a ci gaba da gogewa a sa ido. Ba zan ce man ne kaɗai ya yi wannan ba, kankarewar ce ta buɗe hanya, gogewar kullum ta riƙe.

Tsada kam akwai, ya ninka makilin ɗin mutane sau da yawa tunda daga waje ake shigo da shi, kuma ba kowane shagon maganin dabbobi ke da shi ba. Sai dai abin da ake lakatowa a rana bai kai ƙwayar wake ba, tub ɗaya yana yin watanni. A duba ranar lalacewa kafin a biya. A wani shago na ga an jera su a gilashin da rana ke duka, ban saya a nan ba.

Wata maƙwabciyata ta ce, "Yanzu har mage ake yi wa asuwaki? Ai sai ki ɗiba mata naku." Kada a yi haka. Makilin ɗinmu yana da fulorayid da sinadarin kumfa waɗanda ba a yi su don haɗiya ba, wasu kuma suna da zailitol, wani sinadarin zaƙi wanda guba ne ga kare. Haka kuma in an ga kyanwa tana fama da ciwon baki, don Allah kada a ba ta farasitamol. Hantarta ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. A kai ta wurin likitan dabbobi ya ɗaga leɓen ya duba, shi zai faɗi ko makilin zai isa ko sai an kankare.