Tiyon dawo da mai na turbo: sati uku ina turnuƙe Sakkwato da hayaƙi

Turbo ɗin kansa, wato na'urar da hayaƙin inji ke juyawa tana cusa wa injin ƙarin iska don ya ƙara ƙarfi, ba ni da ta cewa a kansa. Duk wanda ya yi odar irin kwalin kayan turbo ɗin nan daga masu sayarwa ta intanet ya san abin da ke zuwa a ciki, ya kuma san nawa ake cajinsa kafin kaya su iso hannu, don haka ba zan ɓata bakina a nan ba. Motata tsohuwar Honda Civic ce ta 1998, mai injin D16, lita 1.6. Da aka ɗaura mata, ranar farko na hau hanyar Boɗinga na ba ta totur, na ji ta manne ni da kujera, na yi ta dariya ni kaɗai kamar wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka. Abin da ya sa na zauna rubutun nan wani ɗan baƙin tiyo ne da na tarar a ƙasan kwalin, naɗe cikin leda tare da kilif biyu. Ko kallo na biyu ban yi masa ba a lokacin.

Kwana huɗu da ɗaurawa ina tsaye cikin cunkoso a Gawon Nama, sai wani ɗan kabu-kabu ya ƙwanƙwasa mini gilashi. "Alhaji, motagga wuta taka ci ko mi?" Na duba madubi, ban ga kowa a bayana ba sai hayaƙi shuɗi-shuɗi, mai ƙaurin ƙonannen mai. Wata mata a bayan babur ta ja mayafi ta toshe hanci. Abin mamaki, in ina gudu a kan hanya hayaƙin ba shi da yawa, amma da na tsaya motar tana silo na ɗan lokaci, in na tashi sai ta amayo shi kamar an kunna bola.

Na koma wurin bakaniken da ya yi aikin. Yaro ne mai hannu, ba zan ci amanarsa ba, shekara da shekaru yana gyara mini mota ban taɓa kuka da shi ba. Ya leƙa salansa, ya shafo baƙin maiƙo da yatsa, ya ce rin ne ya tafi, turbo ya fi ƙarfin tsohon inji, sai an sauke. Na ce injin da bai taɓa shan mai ba sai yanzu? Ya ce to ai da ma ƙarfin da aka ƙara masa ne ya tona masa asiri. Da na ƙi yarda da sauke inji, sai ya juya ya ce to turbo ɗin ne jabu, "sil ɗinsa ya fashe". Na rubuta wa mai sayarwa, ya amsa da cewa kayansu gwadaddu ne, in duba mai aikina. Kowa ya tura wa ɗan'uwansa, ni kuwa kullum da safe sai na zaro gejin mai in ƙara, gorar mai ta zama abokiyar tafiya a but. Injin da duk cikinsa bai kai lita huɗu ba, ka ga ai ba wasa ba ne. Uwargida ta ce ba ta ƙara shiga motar zuwa biki, wai turarenta ba ya kai ta ƙofar gidan mutane.

Sati uku ana haka. Har na fara tambayar kuɗin rin da gasket, sai wani abokina direban tirela ya ce kafin in zubar da kuɗi in kai wa wani dattijo da ke gyaran manyan motocin dizal, tunda su kullum da turbo suke kwana suke tashi. Na je da rana tsaka, cikin zafin watan Afrilu, irin wanda ƙarfen ƙofar mota ke ƙona hannu. Dattijon bai ma ce in tayar da ita ba. Ya sa aka ɗaga gaba da jak, ya shimfiɗa kwali ya kwanta, ya haska tocila. Bai yi minti biyu ba ya ce, "Ɗana, taho ka gani da idonka."

Na durƙusa na leƙa. Tiyon ya fito daga ƙasan turbo, amma maimakon ya gangara kai tsaye, sai ya ci karo da kwamfuresar AC, wadda a wannan injin take nan gaba ta ƙasa, daidai inda ake son hanya. Yaron ya lanƙwaso shi ya zagaye ta, ya kwantar da shi kusan tsawon tafin hannu, har ya yi ɗan ciki kamar igiyar shanya, sannan ya ɗan hau kafin ya shiga botom-filet, wato kaskon da mai ke kwanciya a ƙasan inji. A wurin lanƙwasar zafin salansa ya dafa robar ta yi laushi ta lotsa. Hujin da aka yi wa kaskon kuma can ƙasa yake, kusa da gindi, inda bakin tiyon ke nutse cikin mai.

Na ce, "Baba, ai mai ne, famfo na tura shi, ko ta ina ne zai wuce." Ya yi murmushi ya ce nan ne kowa ke faɗuwa. Famfo yana tura mai ne zuwa cikin turbo kawai, ta siririn tiyon da aka jawo daga bayan inji, wurin na'urar da ke kunna fitilar mai. Da ya ratsa beyarin ya gama aikinsa, babu sauran abin da ke tura shi. Nauyinsa ne kaɗai ke sauko da shi, kamar ruwan indararo. Kuma ba a ruwansa yake fitowa ba. Sandar turbo tana juyawa fiye da sau dubu ɗari a minti guda, ta kaɗa man ya zama kumfa, kumfa kuwa ta fi mai cin wuri, ba ta kuma saurin gangara. Ga tiyo matsattse, ga kwanciya, ga bakinsa a toshe da man kasko: sai man ya taru ya cika cikin turbo. Abin da ake kira sil ɗin nan ma, in ji shi, ba roba ba ce mai tare mai. Ɗan zoben ƙarfe ne irin rin na fistin, aikinsa ya hana iska da hayaƙi kutsawa cikin gidan beyarin. In mai ya taru ya kai gare shi, wucewa zai yi, wani ya faɗa salansa ya ƙone, wani ya bi bututun iska ya shiga inji. Ya kwance bututun da ke zuwa intakula, wato abin da ke sanyaya iskar turbo kafin ta shiga inji, ya karkata shi, sai ga mai ya zubo kusan cikin ƙaramin kofin shayi. Na tsaya ina kallonsa a ƙasa yana shiga cikin rairayi, ina tuna kuɗin rin da na kusa biya.

Gyaran ya ci kwana biyu, kuma a nan ne na ga bambancin aiki. Ya kwance kaskon gaba ɗaya, bai yarda a huda shi yana jikin mota ba, saboda ɓarɓashin ƙarfe in ya faɗa ciki famfo ne zai tsotse shi. (Yaron farko a jiki ya huda, da na tambaye shi daga baya ya ce ai ya shafa wa bakin dirar giris. Allah dai ya tsare.) Aka kai wa mai walda ya toshe tsohon hujin, aka yi sabo can sama daf da leɓen kasko, sama da inda mai ke tsayawa, aka liƙa masa bakin ƙarfe mai kallon sama. Aka wanke kaskon da fetur har sau biyu. Ya sassauta kusoshin turbo ya juya tsakiyarsa har ramin fitar mai ya kalli ƙasa sosai, don da a karkace yake. Tiyo kuwa muka samo mai faɗi, wanda ake kira -10AN, kusan milimita 16, mai saƙar waya a bayansa, wanda aka yi don zafi da baƙin mai. Daga baya na ga kamfanin Garrett mai ƙera turbo ma girman da yake ba da shawara ke nan, tare da gargaɗin kada cikin tiyon ya fi ramin jikin turbo ƙanƙanta. Na kwalin da na auna, bakin ƙarfensa da ƙyar ɗan ƙaramin yatsana ya shiga.

AC ɗin ce ta so ta kawo rigima. Dattijon ya ce hanya mafi sauƙi a cire kwamfuresa. Na ce Baba, a Sakkwato? Gara in cire turbo ɗin. Ya yi dariya, ya nemo mahaɗi mai ɗan gwiwa, ba mai kusurwa sak ba, ya bi da tiyon ta ɗan tsakanin da ya rage, ko'ina yana gangare, ya naɗe inda ya kusanci salansa da rigar hana zafi. Ya kuma busa tiyon numfashin inji ya tabbatar ba a toshe yake ba, ya ce in iska ta taru a cikin kasko ita ma tana hana man saukowa. Na tambaye shi ko a sa ɗan matsin nan da ke rage man da ke shiga, wanda na ji ana ta magana a kai. Ya ce wannan na turbo mai beyarin ƙwallo ne, nawa mai bushin ne, yana son mansa. In na rage masa don in ɓoye hayaƙi, sandar ce za ta ci kanta.

Ranar da aka gama ma sai da ta yi hayaƙi, gabana ya faɗi. Ya ce ragowar man da ke kwance cikin salansa ne, in je in ƙona shi. Na kama hanya har Tambuwal na dawo. Kafin in kai Shagari madubi ya washe. Yau wata biyu ke nan, gejin mai yana inda na bar shi, turbo ɗin da aka ce jabu ne yana ta fito abinsa. In don shi ne, zan ce wa mutum ya saya.

Sai dai duk lokacin da na buɗe but na ga tsohon tiyon nan, don na ajiye shi, raina sai ya sake ɓaci, har in ji ban ma yarda da abin da na faɗa yanzu ba. Mutanen da suka iya ƙera abin da ke juya dubu ɗari a minti, a ce sun kasa sa tiyon kirki a kwali? Ko 'yar takarda guda mai zanen inda za a huda babu. Robar ma da na yanka ta, cikinta ya kumbura ya yi taushi kamar dafaffen ganda, alamar tun asali ba ta baƙin mai mai zafi ba ce. Kuɗin man da na ƙona, da walda, da sabon tiyo, da gasket, da filogi huɗu da suka yi baƙi ƙirin, in ka tara sun kusa sayen rabin wani kwalin. Na aika wa mai sayarwa hoton tiyon a yanke, ya buɗe saƙon, shiru har yau.

Ga kuma gasket ɗin takarda da suka sa na bakin fitar mai, wanda muka mayar don ba mu samu wani ba a ranar. Shekaranjiya na ga ɗigo biyu a kan simintin gareji, daidai ƙasan turbo. Na shimfiɗa kwali a wurin, gobe Asabar zan koma wurin Baba da sassafe kafin rana ta buɗe.