Agree da correspond: inda suka haɗu, inda suka raba hanya

Ɗan'uwanmu na Kumo ya kawo tambaya. Ƙaninsa zai cike JAMB, sai aka tarar a NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, an rubuta Muhammad, a takardar makaranta kuma Mohammed. Mai shagon kwamfuta ya ce "the names do not correspond", ɗan'uwan namu kuma a wasiƙar neman gyara ya rubuta "the names do not agree". Yana so ya san ko ya kwafsa.

Malam, ba ka kwafsa ba. Tun da JAMB ta wajabta NIN a 2021 ake ta rubuta irin wannan wasiƙa, kuma duk wadda ka ɗauka cikin biyun ta zauna. Idan ana maganar abubuwa, wato suna da suna, lissafi da lissafi, shaidar wannan da ta wancan, kalmomin biyu ma'anarsu ɗaya: sun yi daidai, ko sun saɓa. Dillali a kasuwar Tudun Hatsi ta Gombe ya duba littafi ya ga buhu 100, ya shiga sito ya ƙirga 98, to "the figures do not agree" daidai ne, "do not correspond" ma daidai ne. Ma'aikatan banki sun fi son tally ko match, su ma ba laifi.

Da zarar mutum ya shigo zancen sai su rabu. Agree tana da zuciya. Ta shigo Ingilishi ne daga Faransanci, kuma tushenta abin da ya kwanta wa mutum a rai, shi ya sa take ɗaukar yarda da amincewa. Correspond kuwa daga Latin take, daga kalmar amsawa, babu ruwanta da ra'ayi. Wanda ya rubuta "I correspond with the principal" yana nufin ya goyi bayan shugaban makaranta, abin da ya faɗa shi ne suna musayar wasiƙu. Daga nan ne ma wakilin gidan rediyo ya samu sunansa na correspondent.

Inda ɗalibai ke zubar da maki shi ne ƴar kalmar da ke bin agree. With ta mutum ce ko ra'ayinsa: "I agree with you", na yarda da maganarka. Kalmar "to" ta abin da aka nema a wajenka ce: mai gida ya ƙara kuɗin haya, ka ce to, "I agreed to the new rent", ko da ranka bai so ba. On kuma sai an zauna an daidaita, kamar dangin ango da na amarya su tsayar da sadaki, "they agreed on the amount". Mutum yana iya agree to ba tare da ya agree with ba, duk wanda ya taɓa biyan haya a Gombe ya san haka. Ita correspond ba ta da wannan wahala, "to" ko "with" ne kawai, kuma "to" ta fi dacewa idan ana nufin takwara, misali a ce mukamin gwamna a nan "corresponds to" wani mukami a wata ƙasa.

A kiyayi "I am agree". Agree aiki ce da kanta, ba ta neman am a gabanta. Sannan akwai wata ma'ana da correspond ba ta kusanta ko kaɗan: "beans does not agree with me" ka ji mutane na cewa, amma daidai shi ne "beans do not agree with me", wake bai karɓe ni ba. Jimlar farko ta karya dokar da malaman Turanci ke kira concord, inda aikatau ke bin mai aiki a tilo ko jam'i, kuma a can ma agree ake cewa.

Ni dai a wasiƙar ofis correspond zan sa, don ta fi kama da harshen takarda. Taka da ka riga ka miƙa, bar ta haka.