Fich-ben ko silaid: wanne ya fi dacewa a manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio?

Wani ɗan'uwa a zauren nan ya ce ya ɗauki sautin sarewa ta hanyar kaɗa fiyano yana jan fich-ben (abin lanƙwasa sauti sama ko ƙasa), sai duk not ɗin da suka biyo bayan lanƙwasar suka kauce daga kiy, kuma da ya sauya fulogin (manhajar da ke fitar da sautin) sai lanƙwasar ta canza. Ya ci gaba da otomeshan (layin da ake zanawa don sarrafa fich-ben) ne, ko ya koma silaid (not mai zamar da sauti)?

Malam, ciwo biyu ne ka haɗa, kowanne da maganinsa.

Fich-ben saƙon MIDI ne (umarnin da ake aika wa kayan kiɗa) mai lamba daga 0 zuwa 16383, tsakiyarsa 8192, kuma sauti na tsayawa ne a lambar ƙarshe da aka aika masa. Idan layin ya ƙare a 8600, to nan zai zauna har sai wani saƙo ya zo. Zango shi ne iyakar lanƙwasar, ana auna shi da samiton (tazarar maɓalli ɗaya a fiyano, sent 100 ke nan). Wannan ragowar 400 a zangon samiton 2 kusan sent 10 ce, kunne zai iya yafewa. A zangon 12 kuwa ta doshi sent 60, ko wanda bai san kiɗa ba zai ji. Sai ka sa ɗigo a 50% daidai, wato tsakiyar layin otomeshan, kafin not na gaba ya shigo, sannan ka mayar da maɓallin fich tsakiya, ka danna shi da dama ka zaɓi "Init song with this position". Ka kuma duba "Edit events": sau da yawa abin da ka ɗauka da hannu yana nan cikin fatan (inda not ɗinka suke), yana ja-in-ja da otomeshan da ka zana. Goge ɗaya.

Ciwo na biyu zango ne. Saƙon ba ya ɗauke da adadin samiton, fulogin ne ke yanke wannan. Yawancinsu a 2 suke zuwa, don haka lanƙwasar da ka tsara a 12 za ta tsuke. Daidaita zangon a cikin sabon fulogin. A zangon 12, samiton ɗaya kusan 4.17% ne, wato hawa biyu yana 58.3%.

Silaid ba ruwansa da duk wannan. Not ne kake zanawa a "Piano roll", sautin ya zame zuwa gare shi, tsawonsa ne saurin zamewar, kuma ba ya barin ragowa ga not na gaba. Yana jan not masu launinsa ne kawai, don haka za ka iya lanƙwasa murya ɗaya cikin kod (not da yawa da ke tashi tare), abin da fich-ben ba ya yi domin tashar gaba ɗaya yake ja. Aibinsa: kayan FL na gida irin su Sampler da 3xOsc da Sytrus ne ke jin sa, Kontakt da sauran VST (fulogin na waje) ko a jikinsu.

Ga 808 (sautin bes mai kauri) a Sampler, silaid kawai. Sarewarka kuwa, in a VST take, fich-ben ya zama dole, kuma rawar hannunka a kan fiyano ta fi layin da aka ja da linzami rai. Gyara wutsiyarta kawai, kada ka sake zana ta.