Na kai naman kaza da ƙasarsa ɗakin gwaji a Ikeja

Ni mutumin Anka ne, shekara 11 ke nan ina sayar da albasa a kasuwar Mile 12 da ke Legas. Duk wanda ya ga abin da gubar dalma ta yi mana a Zamfara a 2010, yara sama da 400 muka binne, ba zai ji an ambaci dalma ya yi barci ba.

Kowace damina wata maƙwabciyarmu Bayarabiya a Ketu takan kawo mana naman kaza na daji, tsiron nan mai kama da laima, wanda suke kira olu. Ɗanta ke tsinto shi a dajin bayan Ikorodu, wajajen Ogijo. Uwargida ta iya sa shi a miyar agushi, yara har rububi suke yi. Ranar da na ji cewa a Ogijo ake narkar da tsofaffin baturan mota don ciro dalma, gabana ya faɗi.

Na ƙulle kaɗan a leda na nufi wani ɗakin gwaji mai zaman kansa a Ikeja. Malamar da ta karɓe ni ta sa na koma gida. "Alhaji, sai ka haɗo da ƙasar wurin, kowanne a ledarsa." Ta ɗauko takarda ta zana mini yadda fararen zarurrukan naman kaza ke bazuwa a ƙarƙashin ƙasa, suna tsotsar ƙarafa masu guba irin su dalma da kadmiyom da zaiba suna tarawa a jikinsa. Na tambaye ta ko tafasawa na maganin abin, ta ce wuta ƙwayar cuta take kashewa, dalma kuwa ƙarfe ce, tana nan daram. Wannan haƙurin nata shi ya sa nake yaba wurin.

Inda suka gaza: sun ce kwana 7, sai da na yi kwana 16 ina kira. Kuɗin ma ya yi wa talaka nauyi. Sakamakon kuma Turanci zalla, Pb (dalma) nan, Cd (kadmiyom) can, ba don ta sake zama da ni ba da ban gane komai ba.

Dalma ta fito a ƙasar da naman kazan, fiye da yadda ya kamata a ci. Na kai yarana uku an gwada jininsu. Abin da ya fi mini wuya shi ne zuwa wurin Mama, maƙwabciyar tamu, da takardar a hannu, don jikokinta sun fi nawa cin miyar nan.