Rimot ɗaya maimakon uku: ra'ayina kan yunibasal da na saya a Wunti

Duk mai talabijin da risibar tauraron ɗan'adam da ampilifaya a falo ya san wahalar tara rimot barkatai, kowanne da batirinsa, kowanne da ranar da yake ɓacewa a bayan kujera. Abin da ya sa ke nan na sayi irin wanda ake saitawa ya juya na'urori daban-daban, wanda 'yan kasuwa ke kira yunibasal. A wajen masu kayan lantarki na kusa da kasuwar Wunti a nan Bauchi na samo shi, ƙirar China, baƙi, da madannai huɗu jere a sama: TV, SAT, DVD da AUX. Tun kafin damina nake aiki da shi, ga shi har hunturu ya shigo, don haka na isa in faɗi albarkacin bakina. Ya biya kuɗinsa, kuma abu guda ne ya sa ya biya: yana iya koyo daga tsohon rimot.

Hanyar farko da takardar cikin kwalin ta nuna ita ce ta shigar da lamba. Ka danne SET tare da TV har jar fitila ta tsaya cak, sannan ka buga lamba mai alƙaluma huɗu da aka rubuta a gaban sunan kamfanin talabijin ɗinka. In fitilar ta mutu, ya karɓa. Tawa LG ce, kuma lambobi da dama aka jera mata. Ta farkon ta kunna ta kashe, ta ƙara murya ta rage, amma madannin sauya hanya zuwa HDMI, wato kafar da ake jona wata na'ura da talabijin, ko gezau. Sai da na gangara ƙasan jerin na samu wadda ta kama komai. Saboda haka kada ganin talabijin ta mutu ya sa ka ce an gama. Gwada murya, gwada menu, gwada alƙaluman tasha, kafin ka yarda da lambar.

Dalilin haka a fili yake. Rimot da hasken infirared yake aika saƙo, hasken da idon mutum ba ya gani, yana ƙyaftawa wajen sau dubu 38 a daƙiƙa a yawancin na'urori. Kowane kamfani da tsarin da yake bi: da yawa suna kan tsarin NEC, Philips ta fito da RC-5, Sony na da nata daban. Lambar da kake bugawa nuni ce kawai ga wani jerin umarni da aka riga aka adana a cikin rimot ɗin tun daga masana'anta. In na'urarka ba ta cikin abin da aka adana, ko kwana za ka yi kana buga lamba ba za ta amsa ba. Af, wannan hasken kyamarar waya tana ganinsa. Ka saita kan rimot ga kyamarar ka danna kowane madanni, za ka ga ɗan haske mai ruwan shuɗi-shuɗi yana ƙyaftawa. Da wannan nake gane ko rimot ya mutu ko talabijin ce ke da matsala, sai dai wasu wayoyin suna tace hasken a kyamarar baya, sai a gwada ta gaba.

Hanya ta biyu, wato barin rimot ɗin ya bi lambobi da kansa har na'ura ta amsa, ban ji daɗinta ba. Tana cin lokaci, kuma in hannunka bai yi saurin danna OK ba a daidai lokacin da talabijin ta mutu, ya wuce gaba, sai ka sake daga tushe.

Inda abin ya burge ni shi ne kan risiba da ampilifaya. Gidajenmu a nan cike suke da kayan da sunayensu ba sa cikin kowace takarda: risibar tashoshin kyauta da Hajiya ke kallon wa'azi da ita, da ampilifayar da ta zo da sifiku biyar da wani suna da ban taɓa gani a wani wuri ba. Babu lambarsu, binciken kai-tsaye ma bai kamo su ba. Na koma shagon na yi wa mai kayan bayani, sai ya ce, "Alhaji, tsofaffin rimot ɗin suna da rai?" Na ce suna aiki, sai dai na risibar wasu madannansa sai an danne da ƙarfi. Ya ce, "To ai shike nan, yallaɓai. Koya masa za ka yi tun kafin su ƙarasa."

Yadda ake yi: na kwantar da sabon rimot da tsohon na risiba a kan dardumar falo, kai da kai, tazararsu kamar faɗin yatsu biyu. Na danna SAT, na riƙe madannin koyo mai suna LEARN har fitila ta kama. Na taɓa madannin da nake son koya wa a sabon, fitila ta fara ƙyafta a hankali tana jira. Na danne takwaransa a tsohon, ta ƙyafta da sauri ta tsaya. Ya ɗauka ke nan. Haka na bi su ɗaya bayan ɗaya, har da jan madanni da kore da ake shirya tashoshi da su. Aikin yana son natsuwa da sabon batir a duka biyun. Yana kuma son a janye labule, domin hasken rana da na doguwar fitilar nan ta fuloresan suna gurɓata saƙon, sai rimot ya koyi abin da ba shi ba. Fasahar ma ba sabuwa ba ce. Tun 1987 kamfanin CL 9 na Steve Wozniak, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Apple, ya fitar da rimot mai suna CORE da ke iya koyo. Abin farin ciki shi ne yau ta sauko har talaka yana iya saye a Bauchi.

Akwai wani abu da zai iya ruɗa mutum a nan. Na'urorin da ke kan tsarin RC-5 suna sauya wata 'yar alama a cikin saƙon duk lokacin da aka sake danna madanni, shi kuwa rimot mai koyo fuska ɗaya yake kamawa. Sai ka ga ka danna 1 sau biyu don tasha ta 11 amma ɗaya kawai ya fito. In ka ga haka, nemi lambar wannan na'urar a takarda, koyo ba zai wadatar ba.

Abin da na fi amfana da shi kullum shi ne murya. Na koya wa madannan ƙara da rage murya na ɓangaren SAT umarnin ampilifaya, don haka Hajiya ba ta buƙatar tuna wane madanni na sama za ta fara dannawa. Tasha ta sauya, murya ta ƙaru, duk a wuri ɗaya. Ga tsoho wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Ba zan ɓoye abin da ya ɓata mini rai ba. Rubutun takardar ƙanana ne ƙwarai, sai da na ɗauki hotonta a waya na buɗa, Turancin kuma a karkace yake. Madannan ba su da haske, da dare sai da lalube, kuma rubutun kansu ya fara gogewa a inda babban yatsa ke yawan sauka. Ƙurar hunturu tana shiga gefensu, dole na sa masa leda. Nawa bai manta saitinsa ba da na sauya batir, amma akwai waɗanda ke mantawa, don haka na rubuta lambar talabijin a 'yar takarda na liƙa a cikin murfin batir. A guji barin batir mai arha ya daɗe a ciki, ruwansa yana cinye ƙarfen.

Masu sababbin kaya su lura kafin su kashe kuɗi. Wannan rimot infirared kaɗai ya sani. Fire TV Stick, ɗan abin nan da ake soka wa talabijin don kallo ta intanet, da Bluetooth yake aiki, ba zai ji wannan rimot ba. Talabijin LG mai Magic Remote za ta amsa kunnawa da murya da menu, amma kibiyar nan da ke yawo a allo ba za ka same ta ba. In kuwa duk kayanka da HDMI suke haɗe, fara duba tsarin HDMI-CEC a menu, wanda Samsung ke kira Anynet+, LG ke kira SimpLink, Sony kuma Bravia Sync. Wataƙila rimot ɗin talabijin ɗinka ya isa ya juya sauran. Wayoyin Redmi da yawa ma suna da fitilar infirared a sama da manhajar Mi Remote, suna fitar da mutum kunya ranar da rimot ya ɓata, ko da yake ba za ka bar wa yara wayarka a falo ba.

In za ka saya, tafi da tsohon rimot ɗinka shagon, ka ce a nuna maka madannin LEARN ko a gwada koyon a gabanka, domin a kan teburi ɗaya ake jera mai koyo da marar koyo, kwalayensu kusan iri ɗaya. Kada kuma ka sa ran zai juya maka AC. Rimot ɗin AC duk dannawa ɗaya yana aika yanayin gaba ɗaya, zafi da gudun fanka da sauransu, saƙon ya fi ƙarfin irin wannan. Akwai yunibasal na AC daban mai ɗan allo, shi za ka tambaya.