Rumfar gwanjon sandunan golf a Zariya: abin da na gani bayan damina biyu

Duk wanda ya fara wasan golf a Zariya, wasan da wasu gidajen rediyo ke kira ƙwallon lambu, abin da zai fara cin karo da shi shi ne wahalar samun kaya. Ban taɓa ganin kanti a PZ ko Sabon Gari da ake jera sanduna sababbi ba, sai dai mutum ya nufi Abuja ko Legas, ko kuma ya ba da saƙo ga mai dawowa daga Ingila ko Amurka, a lokacin da canjin dala ya sa sandar direba, wato doguwar sandar bugun nesa, guda ɗaya tana iya lashe albashin ma'aikaci. Shi ya sa yawancinmu da ke buga wasan don sha'awa muka dogara da gwanjo, kuma a nan ne rumfar wani dattijo da muke kira Baba ta zama wurin da kusan kowane sabon ɗan wasa ke bi. Tsohon kadi ne, ya shafe shekaru yana saɓa jakar 'yan wasa kafin ƙafa ta fara yi masa gardama ya koma saye da sayarwa da gyara. Na yi damina biyu da hunturu biyu ina wasa da kayan da na saya a wurinsa, don haka ina ganin na isa in faɗi abin da ya dace a yaba da abin da ya kamata a gyara.

Rumfar ba ta da girma. Benci ne guda, da matsewar ƙarfe da aka ɗaure a jikin teburi, da jakunkuna kamar goma a jingine da bango, sai bokitai biyu cike da ƙwallaye. Ranar da na fara zuwa, da sunan wata sanda da na gani a intanet na je, ina son a nemo mini irinta. Baba ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, bari in ga bugunka tukuna, sanda ba riga ba ce da ake saya don kyau." Ya ɗauko guntun katako ya shimfiɗa a ƙasa, ya shafa alli a tafin sanda mai lamba 7, ya ce in bugi ƙwallo daga kan katakon sau biyar. Bayan kowane bugu yakan karɓi sandar ya juya ta ya duba inda allin ya goge. Duk sau biyar ɗin, ta wajen dunduniyar sandar ya goge, wato ɓangaren kan sandar da ke kusa da kara, dogon ƙarfen da ake riƙewa. Ya bayyana mini cewa sandar ta miƙe da yawa ga tsayina da yadda nake sunkuyawa, shi ya sa dunduniya ke fara taɓa ƙasa, fuskar sandar ta karkata hagu, ƙwallo kuma ta bi ta. Na shekara ina zargin hannuna a kan wannan karkata, ashe rabin laifin na sandunan aron da nake amfani da su ne.

Abin da ya zaɓa mini shi ne tsohon saitin Ping Eye 2, daga lamba 3 zuwa lamba 9, da weji biyu, wato gajerun sandunan ɗaga ƙwallo sama a bugun kusa. Waɗannan sanduna sun fito ne a 1982 daga kamfanin da Karsten Solheim ya kafa, mai mazauni a Phoenix ta jihar Arizona, kuma sun yi suna saboda an rarake bayan kan sandar aka tura nauyin zuwa gefe-gefe, ta yadda ko ƙwallo ba ta sami tsakiyar fuska ba, ba za ta kauce sosai ba. Kowace sanda tana da ɗigon fenti a bayanta mai nuna yadda kanta ya zauna: baƙi shi ne matsakaici, sauran launukan kuma na masu buƙatar ta ƙara miƙewa ko ta ƙara kwanciya. Baba bai yi karatun boko mai zurfi ba, amma ya san ma'anar ɗigon nan, kuma saiti biyu ya sa na gwada a kan katakon kafin allin ya fara gogewa a tsakiya. Kuɗin da na biya na saitin gaba ɗaya bai kai na sabon direba guda ba.

Dalilin da ya sa na daɗe a kan wannan gwaji shi ne yanayin ƙasarmu. Daga Nuwamba zuwa Afrilu filin Zariya yakan bushe ya yi tauri, ciyawa ta ƙone, wasu wuraren ma jar ƙasa ce da tsakuwa tsirara. A filin da ake ba ruwa kullum, ƙasa tana yafe wa ɗan wasa, domin sanda takan nutse kaɗan ta ɗebo ƙwallo ko da bugun bai yi daidai ba. A kan ƙasar hunturu kuwa babu wannan sassauci, in tafin sanda bai zauna daidai ba, nan take za ka ji a tafin hannunka. Ƙarfen waɗannan sanduna na zubi ne marar tsatsa, mai tauri, kuma bayan duk dukan tsakuwar da suka sha a hannuna, ban ga komai a jikinsu ba sai ƙananan zane a tafi. Wani abokin wasana da ya shigo da sababbin sanduna masu laushin ƙarfe, irin waɗanda ƙwararru ke so, hunturu ɗaya ya isa ya bar musu tabo ko'ina.

Akwai abin da mai saye ya kamata ya sani kafin ya yi fushi da tsofaffin sanduna. Kwanciyar fuska, wato yadda fuskar sanda ta kishingiɗa baya, in ta yi yawa ƙwallo takan tashi sama ta rage nisa. Lamba 7 ta wannan saiti tana da kwanciyar fuska ta kusan digiri 36, alhali lamba 7 ta sanduna da yawa na zamani ba ta wuce digiri 30 ba, wasu ma ƙasa da haka. Ma'ana, inda abokinka ya zaro 7, kai sai ka zaro 6 ko 5 kafin ka kai inda ya kai. Wannan bambancin lamba ne kawai, takardar maki kuma ba ta tambayar wace sanda aka buga. A rani ma ƙwallo tana gudu a ƙasa sosai bayan ta sauka, har nisan da aka rasa a sama yakan dawo. Da damina, musamman a Agusta lokacin da ƙasa ta sha ruwa ƙwallo ke tsayawa inda ta faɗi, a nan ne nakan ji bambancin, dole in sauka lamba ɗaya ko biyu zuwa sandar da ta fi kai nesa.

Wejin yashi shi ne ya fi ba ni aiki. Tafinsa yana da faɗi da tudu, an yi shi ne don ya zame cikin yashi mai laushi kada ya nutse, amma a kan busasshiyar ƙasa sai ya yi tsalle, bakinsa ya sari cikin ƙwallo, ta wuce rami kamar an harba ta da gwafa. Da na kai kuka wurin Baba, ina tsammanin zai ce in sayi wani, sai ya ce, "Malam, ajiye shi sai ka faɗa ramin yashi. A wajen rami ka ɗauki lamba 8, ka mayar da ƙwallo kusa da ƙafar dama, ka tura ta a ƙasa ta gangara." Wannan shawara da ya ba ni kyauta ta rage mini bugu fiye da duk abin da na saya da kuɗi. Ta fi amfani a filayen da ake da burawun, wato inda aka shimfiɗa yashin da aka cuɗa da baƙin mai a kewayen rami maimakon ciyawa, kamar yadda aka daɗe ana yi a filayen Arewa da dama saboda ƙarancin ruwa. A kan burawun sai an share hanya tsakanin ƙwallo da rami kafin a gangara ta, kuma bugun da ya taho a ƙasa ya fi sauƙin lissafi. 

A fannin gasa, ƙungiyarmu ta 'yan ƙarshen mako tana amfani da tsarin Stableford, inda ake ba da maki biyu ga wanda ya gama rami da adadin bugun da aka ƙayyade bayan an cire masa handikaf, wato rangwamen bugu da ake yi wa ɗan wasa gwargwadon ƙwarewarsa, maki ɗaya in ya ƙara bugu guda, maki uku in ya rage guda. Tsarin yana da daɗi ga irinmu domin rami ɗaya da ya lalace ba ya rusa yinin gaba ɗaya, sai ka ɗauki ƙwallonka ka wuce. Na shiga da handikaf 24, yanzu ina 18. A tsarin duniya da aka fara a 2020, ana ɗaukar sakamako takwas mafi kyau cikin ashirin na ƙarshe a fitar da matsakaicinsu, saboda haka saukar ba ta zuwa da sa'ar rana ɗaya. Da na duba takardun makina, na ga abin da ya canza shi ne raguwar ramukan da nake tashi babu maki ko ɗaya, kuma yawancin waɗancan ramuka a da ƙwallon da ta karkata hagu ta shige ƙarƙashin maɗaci ko cikin ƙarangiya ce ke jawo su. Na je da jakar nan Kaduna, na je da ita Rayfield a Jos, filin da aka kafa tun 1913, kuma ba ta ba ni kunya ba. A filin IBB na Abuja ne kawai, inda ciyawar girin, wato kewayen rami, ke da santsi kuma ruwa ke tare hanya, na ji cewa ina buƙatar koyon ɗaga ƙwallo sama in tsayar da ita, abin da wasan Zariya bai tilasta mini ba.

Sai ɓangaren da ban ji daɗinsa ba. Robar mariƙin sandunan ta bushe ta yi santsi tun ranar da na saya, abin da ba abin mamaki ba ne ga kayan da suka haura shekara talatin, na kuwa biya kuɗin canza su gaba ɗaya. An ce mini mako ɗaya, sai da na yi mako uku ina zarya, na kuma rasa gasar wata-wata saboda haka, domin ba a ajiye sababbin roba a rumfar, sai an haɗa kuɗin mutane da dama a aika Legas. Da an faɗa mini haka tun farko da na shirya. Aikin kansa, da ya zo, ya yi kyau: ya yanke tsohuwar roba, ya kankare kara, ya naɗa sabon salatif, ya jiƙa, ya zura sabuwa ya daidaita layinta da fuskar sanda da ido, kuma har yau babu wadda ta juya.

Abu na biyu ya fi damuna. Bayan wata biyu na lura lamba 6 tana tashi sama fiye da 'yan'uwanta, tana kuma kaucewa ba bisa tsari ba. Da na jera su a ƙasa na duba, sai na ga gaɓoɓin karanta ba su yi daidai da na sauran ba, ashe an taɓa canza mata kara aka sa mai laushi. Ban yarda cewa mutumin da ke gane kwanciyar sanda da alli bai ga wannan ba. Da na mayar, bai yi musu ba, ya ce, "Gaskiya ne Malam, na yi niyyar gaya maka, a yi haƙuri," ya nemo kara mai ƙarfin sauran ya sa ba tare da ya karɓi ko sisi ba. Na yaba da gyaran, amma haƙƙin mai saye ne a faɗa masa aibin kaya kafin ya miƙa kuɗi, ba sai ya gano da kansa ba. Haka nan babu rasit, babu tsayayyen farashi, wanda ya zo da babbar mota da wanda ya zo a kan babur ba lallai su ji kuɗi ɗaya ba. Mai bugu da hagu da mata masu son shiga wasan kuma da wuya su sami abin da ya dace da su, sai sun yi haƙurin jira.

Game da ƙwallaye, bokitin farko na masu kyau ne, na biyu kuma gauraye, har da waɗanda suka daɗe a ruwa suka dushe. Ni na daina sayen masu laushin fata irin Pro V1 don wasan rani, duk da ingancinsu, domin tsakuwa kan kankare su cikin ramuka kaɗan, ga tsada. Masu taurin fata sun fi jure filinmu, kuma da damina, lokacin da ciyawa ta kai gwiwa, doka tun 2019 minti uku kawai ta ba ka na nema, don haka gara ka rasa mai araha. Duk ƙwallon da zan saya nakan shafa ta da yatsa in ji ko akwai tsaga, in kuma sake ta a kan siminti tare da wata in ga ko tsallensu ya zo ɗaya.

Wanda zai je, ya je da safe ranar da ba ta gasa ba, lokacin da Baba ke da sukunin kallon bugunsa, ya kuma nemi a yi masa gwajin katako kafin a yi maganar kuɗi. Ya jera sandunan a ƙasa ya duba karansu ɗaya bayan ɗaya, ya tabbatar ɗigon launinsu iri ɗaya ne, ya tambayi ko akwai robar mariƙi a hannu ko sai an aika. Kada ya damu da cika jaka da sanduna 14 da doka ta yarda a ɗauka, ni da goma sha biyu nake yawo, lamba 3 ma tana gida tun bara. A makon jiya na kai ɗan yayata da ya fara sha'awar wasan, Baba ya shafa alli, ya sa shi bugu biyar, ya ce a ba shi zuwa bayan Sallah akwai saitin da yake jira daga Kaduna wanda zai yi daidai da tsayinsa.