Ranar da wayoyin Jamus suka yi kuka tare

Yaya, ina gaisuwa da fatan kuna lafiya, ya jikin Baba?

Bari in ba ki labarin abin da ya kusa sa ni gudu babu takalmi. Ina cikin jirgin ƙasa a Kolon ranar wata Alhamis, ƙarfe 11 na safe, sai wayar kowa ta ɗauki ƙara lokaci guda, ga jiniya na tashi a waje. Gabana ya faɗi, na kama salati. Tsohuwar da ke gefena ko gezau, ta ce mini gwajin gargaɗin bala'i ne. Ashe duk Alhamis ta biyu ta watan Satumba haka suke yi. Tun ambaliyar kwarin Ahr ta 2021, da ta ci mutum sama da 130, ba sa wasa da gargaɗi.

Hukumarsu ta kare jama'a da ke Bonn tana da ɗan littafi kyauta: a ajiye abincin kwana 10, ruwa lita 2 ga kowane mutum a rana, tocila, kyandir, rediyo mai batir. Na karanta ina dariya, don sitonmu na Tudun Wada ya wuce nan tun ba yau ba. Buhun masara, garin kwaki, kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, da su muka ci kullen korona na 2020, lokacin da su nan ake kokawa kan takardar bayi. Mu da buta ina ruwanmu! Ni kuwa a nan murhuna na lantarki ne, in aka ɗauke wuta ko shayi ba zan dafa ba. Babu mai gawayi, babu ɗan garuwa.

Wajen magani ne suka bar mu a baya. Nan ko Paracetamol sai a kantin magani, maganin kashe ƙwayoyin cuta kuwa sai da takardar likita, abin har haushi yake ba ni. Amma maƙwabciyata ta buɗe mini akwatinta: bandeji, ma'aunin zafin jiki, takunkumi, kowane kwali ta zagaye ranar lalacewarsa da biro. Nan take na tuna baƙar ledar nan ta saman wardirof ɗin Inna, ragowar ƙwayoyi ba kwali ba suna.

To ga damina, kin san halin kogin Kaduna in ya cika ya shiga rijiyoyi, amai da gudawa ke biyo baya. Don Allah a sayi fakitin ORS da zinc na yara a ajiye. In babu, a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa a zuba sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali, a shafe bakin cokalin, kada a yi toroko. Maganin hawan jinin Baba kuma a riƙa sayen na wata guda, a daina jira sai ƙwayar ƙarshe.

Na turo kuɗin. Ledar Inna kuwa, ki zazzage ta a faranti ki ɗauko mini hoto ta WhatsApp, mu tantance tare kafin ta dawo daga unguwa.

Ƙaninki.